BABI NA HUƊU: GANO KUSKURE A MANHAJAR SIKELI DA AKA RUBUTA DA HARSHEN PASCAL

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo kalmomin da wannan bincike ya zaɓa domin bayyana wasu al'amura na fannin rubuta manhajar kwamfuta cikin Hausa. To amma jera kalmomi a takarda abu ne mai sauƙi, ba a sanin ƙarfin kalma sai an ɗora mata kaya. Saboda haka a wannan babi za a ɗauki aiki guda na zahiri a yi bayaninsa da waɗannan kalmomi. Aikin kuwa shi ne na manhajar da ke karɓar nauyin kaya daga sikelin lantarki, ta nuna shi a fuskar kwamfuta, ta adana shi, sannan ta buga wa mai kaya rasit.

An zaɓi wannan misali ne saboda yanayin yankin da aka gudanar da binciken. Ƙaramar Hukumar Gezawa tana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, inda gona take manne da gona, kuma ba a barin ƙasa ta huta. Tumbau, wato ɗaya daga cikin ƙauyuka huɗu da Mortimore da Adams (1999) suka nazarci nomansu, a wannan yanki yake. Gonar manomi a nan ƙarama ce. Gero da dawa na ci ne, gyaɗa da wake da riɗi kuwa da su ake biyan bashi, a yi sutura, a aurar da 'ya'ya. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗar ƙasar Kano take hawa sikeli. A kasuwar ƙauye da mudu da tiya ake ciniki, amma manyan masu saye irin na kasuwar Dawanau da masu fitar da riɗi ƙasashen waje da kilo suke lissafi, haka ma kasuwar hada-hadar amfanin gona ta zamani da aka kafa a Gezawa.

Idan aka tauye mudu, mai kaya yana tsaye yana gani. Idan manhaja ce ta tauye awo babu mai gani, har shi kansa mai sayen, wanda wataƙila mutum ne mai tsoron Allah da ya san gargaɗin da ke cikin Suratul Muɗaffifina. Don haka wannan babi zai fi mayar da hankali ga irin kuskuren da ba ya tsayar da manhaja, sai dai ya fitar da lamba mai kama da gaskiya.

4.1 Harshen Pascal

Niklaus Wirth, malami a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, shi ne ya fito da wannan harshe a 1970, ya kuma raɗa masa sunan Blaise Pascal, masanin lissafin nan na Faransa wanda ya ƙera na'urar ƙidaya a 1642. Kamfanin Borland ya fitar da Turbo Pascal a 1983, sannan Delphi a 1995. A shekarun 1990 harshen yana cikin waɗanda aka koyar a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Nijeriya tare da BASIC da FORTRAN da COBOL. Akwai kuma Free Pascal da Lazarus waɗanda kyauta ne, suna aiki a kan Windows da Linux, kuma a kansu aka gina bayanan da ke tafe. Manhajar da aka gina da su ba ta buƙatar babbar kwamfuta, abin da ya dace da sito na karkara mai dogaro da ƙaramin janareta ko hasken rana.

4.2 Sadarwar Jere

Sadarwar jere ita ce aika saƙo ɗigo bayan ɗigo ta waya guda, kamar yadda mutane kan bi juna a siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki. Kowane ɗigo, wato bit, ko dai sifiri ne ko ɗaya. Tsarin da yawancin sikeli ke amfani da shi sunansa RS-232, kuma tun farkon shekarun 1960 aka fito da shi a Amurka. Mahaɗinsa da aka fi sani yana da haƙora tara, amma uku ne ke ɗauke da nauyin aikin: na 2 yana karɓa, na 3 yana aikawa, na 5 kuwa shi ne na ƙasa. Idan aka haɗa bakin aikawa na sikeli da bakin aikawa na kwamfuta, babu abin da zai iso ko kaɗan, sai an sami wayar da ta gicciya na 2 da na 3. Haka kuma ba a so tsawon wayar ya zarce kimanin mita 15. Wannan shi ne kuskure mafi sauƙi, domin shiru ne kawai, kuma shiru ba ya cutar manomi.

Dole ne ɓangarorin biyu su yi yarjejeniya a kan sauri da kuma fasalin kowane harafi. Saurin da aka fi amfani da shi shi ne bit 9600 a sakan guda. A fasalin da ake kira 8N1, kowane harafi yana da bit guda na buɗewa, takwas na saƙo, da guda na rufewa, goma ke nan. Ashe ke nan haruffa 960 ne ke wucewa a sakan. Idan sauri ya saɓa, abin da zai bayyana a fuskar kwamfuta tarkace ne da babu mai iya karantawa, kuma nan take za a gane.

Inda gizo ke saƙa shi ne saɓanin fasali. Wasu sikeli da 7E1 suke magana, wato bit bakwai na saƙo da guda na tantancewa. Shi ma jimillarsa goma ce, don haka kwamfutar da aka saita a 8N1 za ta karɓe shi ba tare da ƙorafi ba, sai dai ta ɗauki bit ɗin tantancewa a matsayin wani ɓangare na harafi. Sakamakon haka, lambobin 0 da 3 da 5 da 6 da 9 za su iso lafiya, amma 1 da 2 da 4 da 7 da 8 za su rikiɗe su zama wasu baƙin alamomi. To idan mai rubuta manhaja ya yi dabarar zubar da duk abin da ba lamba ba ne domin ya tsaftace saƙo, buhu mai kilo 98.50 sai ya koma 9.50, alhali mai kilo 60.50 zai fito daidai. Wanda ya gwada manhajar da buhu guda mai kilo 50 zai rantse cewa lafiyarta ƙalau.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuyar ganewa, kuma a ganin mai wannan bincike ita ce uwar matsalolin. Sikeli da yawa sukan aiko saƙo mai kama da wannan:

ST,GS,+0098.50kg

Haruffa biyu na farko suna nuna cewa nauyin ya tsaya cik, idan kuwa yana rawa US ake gani a gurbinsu. Biyu na gaba suna nuna cewa nauyin ya haɗa da na buhu. Bayan saƙon akwai alamomi biyu da ido ba ya gani, masu lamba 13 da 10 a tsarin ASCII, waɗanda ke nuna ƙarshen layi. Jimilla haruffa 18 ke nan, kuma suna ɗaukar kusan kashi 19 cikin 1000 na sakan kafin su gama isowa. A wurin ɗan'adam wannan bai kai ƙiftawar ido ba, amma a wurin kwamfuta lokaci ne mai tsawo. Idan manhaja ta leƙa ƙofa a tsakiyar wannan lokaci, rabin saƙo za ta tarar. Na'urar da ke sauya mahaɗin jere zuwa USB ma takan tara haruffa ta miƙa su kashi-kashi, ba tare da ta kula da inda layi ya ƙare ba. Irin ta kamfanin FTDI, alal misali, bisa saitinta na asali takan jira har kashi 16 cikin 1000 na sakan kafin ta miƙa ɗan abin da ta tara.

Idan saƙon ya yanke a kan +009, manhaja za ta nuna kilo 9, magatakarda zai yi dariya ya sake awo. Idan kuwa ya yanke a kan +0098, to kilo 98 za a rubuta a maimakon 98.50, kuma babu wanda zai ɗaga kai. Rabin kilo ba ya da yawa a ido, amma idan hakan ta auku a kan buhu 200, an ci wa manoma buhu guda mai kilo 100 ke nan. Maganin wannan shi ne a riƙa zuba duk abin da ya iso a cikin wani ɗan rumbu, kada a ɗauki komai daga ciki sai an ga alamar ƙarshen layi. Sannan a auna layin: shin tsawonsa ya cika, ya fara da ST, ya ƙare da kg? In bai cika waɗannan sharuɗɗa ba a jefar da shi gaba ɗaya, a jira na gaba, kada a yi ƙoƙarin gyara shi. Kundin Synaser na Lukas Gebauer, wanda masu Pascal da yawa ke amfani da shi, yana da umarnin RecvTerminated mai jira har sai alamar da aka faɗa masa ta iso.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu. A Windows, ƙofar da lambarta ta kai 10 ba ta buɗuwa da sunan COM10 zalla sai an rubuta \\.\COM10, kuma sauya ramin USB kan iya sauya lambar ƙofa. A Linux irin su Ubuntu da Debian sunan ƙofar yakan zama /dev/ttyUSB0, kuma sai an sanya mai amfani da kwamfutar cikin rukunin dialout kafin a ba shi izinin buɗe ta.

4.3 Zaren Aiki

An zaɓi kalmar zare ne daga sana'ar saƙa, wadda maƙwabtan Gezawa na Minjibir suka shahara da ita: zaruruwa da yawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, amma ƙyalle guda ake saƙawa. Kowace manhaja tana da babban zare mai kula da fuskar kwamfuta da maɓallai. Idan aka sa shi jiran sikeli, fuskar za ta sandare har sai saƙo ya iso. Shi ya sa akan buɗe zare na biyu ta hanyar TThread, a bar masa gadin ƙofa.

Ƙa'ida ta farko ita ce, ƙaramin zare ba ya taɓa fuskar kwamfuta da kansa. Sai dai ya miƙa wa babban zare ta hanyar Synchronize, wanda ke jira har a gama, ko kuma Queue, wanda ke ajiye saƙo ya wuce. Wanda ya karya wannan ƙa'ida ba lallai ne ya ga sakamako a ranar ba. Manhajar takan yi mako tana aiki, sannan ta faɗi ranar kasuwa da tsakar rana. Wannan ce ɗabi'ar kuskuren zare: ya dogara ga wane zare ya riga wani isowa, kuma da an rage saurin manhaja domin a bincika sai ya ɓuya. Irin wannan tsere na cikin abubuwan da suka sa na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, har aka rasa rayuka.

A manhajar sikeli tseren yakan zo ta wannan fuska. Magatakarda ya danna maɓallin adanawa, babban zare ya karanta nauyi ya rubuta a kundin ajiya, sannan ya sake karantawa domin ya buga rasit. A tsakanin karatun biyu ɗan dako ya fara janye buhu, ƙaramin zare ya sauya lambar. Sai kundi ya ce 98.50, rasit ya ce 97.00. Ranar biyan kuɗi kowa yana riƙe da shaidarsa, kuma kowa gaskiya yake faɗa. Abin da ya kamata shi ne a karanta nauyin sau ɗaya tak a ƙarƙashin makulli, wato TCriticalSection, a kwafe shi gefe, a yi duk sauran aiki da wannan kwafi.

Shi ma makullin yana da nasa tarko. Idan ƙaramin zare ya riƙe makulli sannan ya kira Synchronize, a daidai lokacin da babban zare ke tsaye yana jiran wannan makulli, to kowa yana jiran kowa ke nan, kamar motoci biyu da suka yi karo da juna a kan siririyar gada. An kira wannan cijewa. Kada a kira Synchronize da makulli a hannu.

Sai kuma wata matsala da mai wannan bincike ya gani da idonsa a wani sito da ake sayen riɗi. Ana ɗora buhu, amma lambar da ke fuskar kwamfuta ba ta motsawa sai bayan wani lokaci, kuma jinkirin yana ƙaruwa yayin da rana ke yi. Masu siton sun ɗora laifin a kan zafi da ƙura. Da aka duba, ashe sikelin yana aiko layi da yawa a kowane sakan, shi kuwa zaren yana ɗaukar layi guda ne ya yi barcin sakan ɗaya. Ragowar suna taruwa a layi, har ya zamana nauyin da ake gani na buhun da aka riga aka sauke ne. Wato ana iya biyan wani da awon wani. Gyaran bai wuce layi kaɗan ba: a kwashe duk abin da ya taru a kowane zagaye, a riƙe cikakken layi na ƙarshe kawai. Yana da kyau kuma a haɗa kowane nauyi da lokacin da ya iso, ta yadda idan waya ta zare, manhaja za ta share lambar a maimakon ta ci gaba da nuna tsohuwa.

Game da rufe manhaja kuwa, umarnin Terminate ba ya kashe zare, tuta kawai yake ɗagawa. Idan zaren yana jiran saƙo ba tare da wa'adi ba, ba zai waiwayi tutar ba, sai manhajar ta maƙale tana riƙe da ƙofa, wanda ya sake buɗe ta kuma a ce masa ƙofa tana hannun wani. Saboda haka kowane jira a sa masa wa'adi. A Linux, dole ne cthreads ya zama na farko a jerin kundayen da babban fayil ya kira, in ba haka ba manhajar za ta faɗi da zarar ta nemi buɗe zare.

4.4 Gini

Gini shi ne mayar da abin da mutum ya rubuta zuwa fayil ɗin da kwamfuta ke iya gudanarwa. Yawancin ƙorafin magini a fili yake. Idan ya ce bai ga wani kundi ba, ko dai ba a nuna masa hanya ba, ko kuma akwai tsofaffin fayiloli masu ƙarshen .ppu da .o da wani magini na daban ya bari. A share su a sake gini daga tushe. Girman fayil da kan firgita sabon mai amfani da Lazarus kuwa bayanan bincike ne ke kumbura shi, kuma zaɓin -Xg yana fitar da su zuwa fayil na daban.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne girman mazubin lamba. A Turbo Pascal, mazubin Integer bit 16 ne, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A Free Pascal girmansa ya danganta da yanayin da aka zaɓa: a yanayin fpc da tp bit 16 ne, a objfpc da delphi kuwa 32. Ke nan rubutu guda yana iya ba da amsa biyu. A sikelin mota, tirela mai kilo 40,000 za ta fito a matsayin -25,536, wanda kowa zai gane shirme ne. Amma idan aka ajiye nauyi da giram a mazubin Word, mai iyaka 65,535, buhu mai giram 100,000 zai koma 34,464, wato kilo 34 da 'yan kai, lambar da ba ta da alamar cuta a jikinta. Zaɓin -Cr da -Co suna sa manhaja ta tsaya ta yi ƙara idan mazubi ya cika ya tumbatsa. Akan cire su a ginin ƙarshe domin neman sauri, amma manhajar da ke karɓar haruffa 960 a sakan ba ta da wani sauri da take nema, don haka ra'ayin wannan bincike shi ne a bar su.

4.5 Ƙunshewa

Ƙunshewa ita ce haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, domin a kai ta wata kwamfuta. A Windows akan yi amfani da Inno Setup, wanda Jordan Russell ya fara a 1997, kuma shi kansa da Delphi aka rubuta shi. Abubuwan da aka fi mantawa su ne direban na'urar USB da fayiloli irin su sqlite3.dll, wanda dole ne ya dace da manhajar, ko mai bit 32 ko mai 64. A sito da ba a samun intanet mai ƙarfi, mantuwa guda tana nufin komawa birni. Bugu da ƙari, tun daga Windows Vista ba a barin manhaja ta yi rubutu yadda ta ga dama a cikin Program Files, don haka kundin awo a wani wuri ya kamata a ajiye shi, wanda sabon ƙunshi ba zai share ba.

Saitin harshe na kwamfuta ma yana da tasiri. Fatake daga Maraɗi da Damagaram suna hulɗa da kasuwannin Kano, kuma kwamfutar da aka saita da Faransanci da waƙafi take raba kilo da guntunsa, wato 98,50. Umarnin StrToFloat yana bin wannan saiti, don haka zai ƙi karɓar 98.50 da sikeli ya aiko. Ɗan'uwansa StrToFloatDef ba ya ƙorafi, sai dai ya mayar da lambar da aka tanadar masa, galibi sifiri. Tsohon umarnin Val shi ne ke karɓar ɗigo a kowace kwamfuta.

Daga nan sai rasit, wanda ya fi shafar ɗalibin Hausa kai tsaye. Manyan kayan da ake awo guda biyu, gyaɗa da riɗi, duk suna da harafi mai lanƙwasa. Lazarus da tsarin UTF-8 yake aiki, inda ɗ da ƙ da ɓ kowannensu ke cin gurbi biyu. Kalmar gyaɗa haruffa biyar ce, amma umarnin Length zai ce shida, sai UTF8Length ne ke ba da biyar. Wannan kan karkatar da jerin lambobi a kan takarda, kuma idan aka datse suna a tsakiyar harafi sai ya lalace. Ƙananan firintocin rasit kuma da tsofaffin jadawalin haruffa suke aiki, waɗanda babu ɗ a cikinsu, don haka sukan buga baƙin alamomi biyu a gurbinsa. Wasu kan kauce wa wannan ta hanyar rubuta gyada da ridi, abin da ya saɓa wa ƙa'idar rubutun Hausa, kuma a wasu kalmomin yana sauya ma'ana, kamar ƙasa da kasa ko ɓari da bari. Hanyar da ta fi ita ce manhaja ta zana rasit ɗin a matsayin hoto sannan ta aika wa firinta. Sai dai hoto ya fi rubutu nauyi ƙwarai: layi guda mai faɗin ɗigo 384 da tsayin ɗigo 24 yana cin gurbi 1,152, wanda a saurin 9600 ya haura sakan guda. Rasit mai layi 15 zai ɗauki kimanin sakan 18, saboda haka sai dai a ɗaga saurin ƙofar firinta zuwa 115200 idan tana karɓa, ko kuma a zana layukan da ke da harafi mai lanƙwasa kawai, a aika sauran a matsayin rubutu.